Kun Tambaya, Mun Amsa: Na'urar Neman Agaji a Inda Sabis Ya Ƙare

Wasiƙun da muka zaɓo a wannan fitowa duk daga jihar Kebbi suka zo, kuma duk kan abu ɗaya ne: yadda mutum zai nemi agaji a ruwa ko a daji, inda waya ba ta da sabis. Mun taƙaita wasu saboda wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗan kasuwar kifi ne a Yelwan Yauri. Ina shiga gungayen tafkin Kainji sayen busasshen kifi, wani lokaci in kwana biyu ko uku babu sabis. Wani ya ce mini akwai wata 'yar na'ura da in an danna ta, ko a tsakiyar ruwa mutum yake za a san inda yake. Gaskiya ne? Kati ake sa mata ko yaya?
*Mai karatu daga Yauri*

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Gaskiya ne. Masu sayarwa suna kiranta PLB. Girmanta bai wuce na ƙaramar waya mai maɓallai ba, nauyinta tsakanin giram 110 da 150, kuma aiki ɗaya kacal ta iya: ihun neman agaji. Ba a kira da ita, ba a tura saƙon rubutu.

Idan ka ware eriyarta ka danna maɓallin, tana jefa saƙo sama a kan mita 406 na megahaz da ƙarfin wat 5, kusan duk bayan daƙiƙa 50. Saƙon yana ɗauke da lambar na'urar, da kuma wurin da kake idan tana da GPS, wato na'urar gano wuri, a ciki. Taurarin ɗan'adam na wani tsarin ƙasa da ƙasa mai suna Cospas-Sarsat su ke cafke shi su mayar ƙasa. Kanada da Faransa da Amurka da tsohuwar Tarayyar Sobiyet ne suka kafa tsarin a 1979, aka fara ceton mutane da shi a 1982. Mai GPS tana nuna wurinka da kuskuren da bai wuce kimanin mita 100 ba. Wadda ba ta da shi kuwa kuskurenta na iya kai kilomita 5, kuma kilomita 5 a kan tafki da dare ba ƙaramin fili ba ne. Don haka kada ka sayi marar GPS. Tana kuma fitar da wani ƙaramin sigina a kan mita 121.5 na megahaz, wanda masu ceto da ke da na'urar bibiya ke bi idan sun matso kusa, da wata fitila mai walƙiya.

Ba a sa mata kati, ba ta da layi, babu kuɗin wata. Gwamnatocin da ke cikin tsarin su ke ɗaukar nauyinsa. Kuɗinka na sayenta ne kawai, kimanin dala 300 zuwa 450 gwargwadon iri, sai kuɗin canza batir. Batirin ba na caji ba ne. Yana zama shekara 5 zuwa 7 a ajiye, kuma in an kunna dole ya yi aƙalla awa 24 yana aiki.

Yanzu ga inda muke so ka buɗe kunne, domin sana'arka a kan ruwa take. Jirgi ba ya sallama kafin ya kife. Tun da aka tare ruwa a Kainji a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin tafkin, ga iskar hadari ta damina, ga lodin da ya wuce ƙima ranar kasuwa. Na'urar da ke cikin jaka, jakar kuma a ƙarƙashin buhunan kifi, daidai take da wadda aka bari a gida. A jikinka za ta zauna, a ɗaure da igiya a kafaɗar rigar kariya daga nutsewa. Ba kowace ce ke yawo a saman ruwa ba. Wasu sai an sa su cikin 'yar jakarsu ta musamman, in ba haka ba da zarar ta suɓuce daga hannu ta tafi ƙasa. Ko mai yawo a saman ruwan ma ba a yi ta don ta yi aiki ita kaɗai a ciki ba. Dole ka riƙe ta sama da ruwa, eriya a tsaye tana kallon sama, kada yatsanka ya rufe wurin da aka rubuta GPS, domin ruwa da jikin mutum duk suna shanye sigina. In kana sanye da rigar kariya, ka kwanta rigingine ka ɗora ta a ƙirji.

In ka kunna, ka bar ta a kunne. Masu kashewa su sake kunnawa wai don tattalin batir suna rikita masu nema ne kawai, kuma duk kunnawa sai GPS ya sake laluben wuri daga farko.

Abu na ƙarshe, kuma da shi ya kamata mu fara: in kuɗinka na abu ɗaya ne, sayi rigar kariya. Saƙo yana isa cikin mintuna, masu ceto kuwa sai bayan awoyi, wanda bai iya ruwa ba kuma ba shi da ko minti biyar. Jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski cikin watan Mayun 2021 yana ɗauke da mutum fiye da ɗari, kuma abin da ya rasa a wannan rana ba sanin wuri ba ne. Abin da zai riƙe mutane a saman ruwa ne babu.

Tambaya: Na ji bayanin na'urar nan a wajen wani abokin aiki. Abin da ban gane ba shi ne, in na danna wa zai zo? Jirgi mai saukar ungulu za a turo, ko kuwa?
*Wani malamin makaranta, Birnin Kebbi*

Amsa: Malam, ka yi tambayar da masu talla ba sa son a yi. Na'urar kira take yi, ba ta kawo kowa.

Ga hanyar da saƙon ke bi. Daga tauraro ya sauka a tashar ƙasa, daga nan ya wuce cibiyar rarraba saƙonni, ita kuma ta miƙa wa ƙasar da abin ya faru a cikinta, a kuma sanar da ƙasar da lambar na'urar ta nuna. A Najeriya hukumar agajin gaggawa ta NEMA ce aka ɗora wa wannan cibiya a Abuja. Daga Abuja sai an nemi na kusa: ofishin NEMA na Sakkwato da ke kula da Sakkwato da Kebbi da Zamfara, ko hukumar agajin gaggawa ta jiha, ko 'yan sanda, ko hukumar kula da hanyoyin ruwa ta NIWA in abin a kan ruwa ne. Kowane mataki kiran waya ne da jiran wani ya ɗauka. Daga Birnin Kebbi zuwa Yauri kaɗai tafiyar awa uku ce ko fiye a mota, kafin a zo maganar jirgin ruwa da mai. Kada ka sa rai da jirgin sama. A ƙasarmu wanda ya fi saurin isa wajen mutum shi ne masuncin da ke gungun maƙwabta, ko ɗan'uwa a kan babur.

Shi ya sa rajista ta fi maɓallin muhimmanci. Kowace na'ura tana da lamba mai haruffa da alƙaluma 15 a manne a jikinta. Da ita ake yin rajista, a rubuta sunanka, lambar wayarka, irin tafiyar da kake yi, da lambobin mutanen da za a kira. Abu na farko da jami'i ke yi in saƙo ya shigo shi ne duba rajistar ya buga wa waɗannan mutane, saboda mafi yawan saƙonnin da ke shiga tsarin a duniya na kuskure ne, ba na haɗari ba. Saƙon da ba a san mai shi ba sai an tsaya tantama a kansa. Ka tuntuɓi NEMA kan rajista tun kafin ka biya kuɗin na'ura, ba bayan ka saya ba.

Wajen zaɓen mutanen da za a kira, kada ka bi girma ko kunya. Ba lallai sai babban yaya ko surukinka ba. Ka sa wanda wayarsa ba ta mutuwa, mai ɗauka ko ƙarfe biyun dare, wanda ya san hanyar da kake bi kuma yana da lambar sarkin ruwa ko shugaban 'yan jirgi ko mai garin yankin. Ka sa mutum biyu, a layukan kamfani daban-daban. Kafin kowace tafiya ka bar musu takarda: inda za ka, da wa, a wane jirgi ko babur, ranar dawowa, da lokacin da in ya wuce ba su ji ka ba za su tashi nema. Ka kuma koya musu yadda ake zuba lambobin wuri a taswirar waya, domin lambobi jami'in zai karanto musu, ba sunan ƙauye ba. In da hali a ajiye jarkar mai lita 20 da kowa ya san ta wannan rana ce.

Wasu sababbin na'urori suna da shuɗiyar fitila da ke walƙiya idan tsarin ya karɓi saƙonka. Taurarin Galileo na Turai ne ke maido da wannan amsa tun 2020. Tana kwantar da hankali, amma ma'anarta an ji ka, ba wai an taso ba.

Tambaya: Ɗana yana aikin allurar rigakafin dabbobi, yana bin rugage a kan babur, wani lokaci kwana huɗu ban ji muryarsa ba. Ina so in saya masa abin da zan riƙa sanin inda yake. Wannan na'urar za ta yi?
*Wata uwa daga Zuru*

Amsa: Hajiya, Allah ya tsare shi. PLB ba za ta biya miki wannan buƙata ba, domin shiru take har ranar da aka danna ta, kuma ko a ranar ba ke za ta fara gaya wa ba.

Abin da kike nema shi ne na'urar aika saƙo ta tauraron ɗan'adam, irin Garmin inReach ko Zoleo. Waɗannan suna bin taurarin kamfanin Iridium guda 66 da ke zagaye duniya. Da inReach zai iya turo miki gajeren saƙo ya shigo wayarki kamar kowane saƙo, ki ba shi amsa, kuma za a iya saita ta ta riƙa nuna inda yake a taswira duk minti 10. Ƙaramar cikinsu, inReach Mini 2, nauyinta giram 100 ne, cajinta na iya kai mako biyu a wannan saiti idan sama a buɗe take. Tana da maɓallin neman agaji, wanda ke zuwa cibiyar kamfanin a Amurka, su kuma su nemi hukumomin nan da mutanen da aka rubuta.

A ganinmu, ga mai aiki irin na ɗanki wannan ta fi PLB amfani nesa ba kusa ba. Matsalolinsa na yau da kullum faci ne, ƙarewar mai, gulbi ya cika ya tare hanya, zazzaɓi ya kama shi a ruga. Duk waɗannan saƙo ɗaya zuwa ga abokin aiki ya wadatar, kuma zai iya faɗin abin da ya same shi, a zo da abin da ya dace.

Aibinta biyu. Ana biyan kuɗin wata da dala, kuma in kuɗin ya yanke hatta maɓallin agajin na iya daina aiki. Sannan sai an riƙa caji. Ya kamata ma'aikatarsa ce ta ɗauki wannan nauyi, ba ke ba. Ya kai maganar gaban shugabansa. Kada kuma wani ya ruɗe ki da cewa sababbin wayoyin iPhone suna yin haka. Suna yi, amma a ƙasashen da kamfanin ya buɗe wa hidimar kawai.

Tambaya: Gonarmu tana bakin daji. In 'yan bindiga suka tare mutum, zai iya danna ta a ɓoye a zo a cece shi?
*Manomi daga yankin Wasagu*

Amsa: Ɗan'uwa, ba za mu ba ka wannan shawara ba. Na'urar ba ta aiki a ɓoye: sai an ware eriya mai tsawon kusan taƙi, an tsayar da ita a fili, ga fitila tana walƙiya. Waɗanda suka tare mutum kuma laluben jikinsa suke fara yi, kuma wanda aka samu da abu mai eriya za a ɗauke shi ɗan leƙen asiri. Abin da aka saya don tsira sai ya zama sanadin halaka. An yi ta ne don haɗari, inda mutum yake zaune wuri ɗaya yana jiran taimako.

Akwai kuma ɗaya gefen. Jami'an tsaro a yankunan nan suna sa ido sosai kan kayan sadarwa. Ka tuna a watan Satumban 2021 an rufe layukan waya gaba ɗaya a Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Duk mai yawo da irin wannan na'ura ya riƙe rasidin saye, da takardar rajista, da wasiƙar wurin aikinsa in ta aiki ce, ya kuma sanar da ofishin 'yan sanda na yankin da mai gari tun kafin a tare shi a shinge a tambaye shi.

Tambaya: Na ga wata ta gwanjo a intanet, rabin kuɗin sabuwa. In saya?
*Mai karatu daga Argungu*

Amsa: Araha ba ta ado, Malam. Duba abu uku. Na farko ranar ƙarewar batir da ke rubuce a jiki. In ta wuce ko saura shekara ɗaya, canjin batir sai a wajen wakilin kamfani, kuma kuɗinsa da na aikawa zai cinye rangwamen. Na biyu lambar ƙasa. Kowace na'ura an saka mata lambar ƙasar da za a yi mata rajista. Ta Najeriya 657 ce. Wadda aka sayo daga Amurka ko Ingila tana ɗauke da tasu lambar, kuma mai yiwuwa har yanzu sunan tsohon mai ita ne a rajista. Ranar da ka danna, wani Bature za a buga wa waya a tambaye shi ko lafiya, ya ce lafiya lau, ya sayar da ita tuntuni. Sauya lambar sai dila mai kayan aikin. Na uku, ka tabbata an rubuta 406 a jikinta. Tsofaffi masu mita 121.5 kaɗai taurari sun daina sauraronsu tun watan Fabrairun 2009.

Tambaya: Ofishinmu ya sayi guda biyu don masu zuwa duba rijiyoyin burtsatse a ƙauyuka. Yaya ake gwada su, kuma ina ya kamata a ajiye?
*Ma'aikaciya daga Jega*

Amsa: Malama, kowace tana da maɓallin gwaji daban da na neman agaji. Shi kaɗai za a taɓa. Sau ɗaya a wata ya isa, domin kowane gwaji yana cin batir. Gwajin GPS ya fi ci, shi ya sa kamfanoni ke ƙayyade adadinsa. A duba littafin da ya zo da ita, a yi shi a fili ba cikin ofis ba. A buɗe ɗan littafi a riƙa rubuta ranar gwaji, da sunan wanda ya fita da ita, da garin da ya nufa, don wanda aka rubuta lambarsa a rajista ya san wa ke riƙe da wace.

Zafi shi ne babban abokin gabarta a nan. An yi yawancinsu su yi aiki har zuwa digiri 55. A watan Afrilu inuwa ma tana wuce 40 a Kebbi, gaban mota da aka rufe a rana kuwa ya zarce abin da batirin zai jure. Kada a bar ta a gaban gilashi ko a akwatin babur. Bayan tafiyar hunturu a goge ƙura da ɗanyen tsumma, a duba ko roba ta tsage ko eriya ta lanƙwashe. Kada a wanke ta da fetur ko kananzir.

In yaro ko wani mai son gani ya kunna ta bisa kuskure, a kashe nan take, sannan a kira NEMA a faɗi lambar nan mai 15 a ce kuskure ne. Kashewa kaɗai ba ta isa ba, domin saƙon farko yana fita cikin minti ɗaya, kuma wanda ya karɓa bai san ko na'urar nutsewa ta yi da mai ita ba. In ta daɗe a kunne, sai an canza batir.

Tambaya: Muna kwana a gonar shinkafa a fadamar Bagudo lokacin girbi, kuma akwai macizai. In maciji ya sari mutum, a danna ko a ɗauke shi a tafi?
*Manomi daga Bagudo*

Amsa: Ƙa'idar ita ce ana dannawa idan rai na cikin haɗari kuma babu wata hanyar da ta fi sauri. Saran kububuwa ko kasa ko gamsheƙa haɗarin rai ne, babu shakka. Amma in kuna da babur ko kwalekwale da zai kai shi asibiti cikin awa ɗaya ko biyu, ku tafi, kada ku zauna jiran kowa. Da kun shiga sabis ku kira asibitin ku tambaya ko suna da allurar dafin maciji, don kada ku ɓata awa guda zuwa inda babu. Lambar kiran gaggawa ta 112 kyauta ce, amma ita ma sai da sabis na wani kamfani.

Na'urar ta zama dole ne in ruwa ya yanke hanya, ko abin hawa ya lalace, ko mutum shi kaɗai ne ba ya iya tafiya. A nan a fita daga ƙarƙashin bishiya ko rumfar kwano, a sami fili, a kafa ta a kan buhu ko turmi eriya a tsaye, a zauna kusa da ita. In dole ta sa aka matsa, a tafi da ita a kunne.

Kafin taimako ya iso, a kwantar da shi, a cire zobe da agogo da duk abin da zai matse in wurin ya kumbura, a ɗaure ƙafar ko hannun da sanda yadda ake yi wa karaya don kada ya motsa. Kada a tsaga, kada a tsotsa, kada a ɗaure da roba ko igiya har jini ya tsaya. Wannan ɗaurin ya sa an yanke ƙafafun da dafin bai isa ya lalata ba. Kada a ba shi asfirin ko ibuprofen, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, su kuma suna ƙara zubarsa. Farasitamol ya isa. A lura da lokacin da abin ya faru don a gaya wa likita. In ya fara amai ko barci na fizgarsa, a juya shi ya kwanta a gefe.

Da dare a kunna tocila ana haska sama, ko a hura wuta nesa da tarin shinkafa. Da rana a ɗaura zane mai haske a dogon gora. GPS zai kawo masu nema cikin mita 100, amma a fadama mai ciyawa da ta fi mutum tsawo ana iya wuce ku a wannan tazara ba a gan ku ba, don haka a sa usur na alƙalin wasa a cikin jakar na'urar.